Kujerar Takwara

Mu biyu aka raɗa wa sunan kakanmu, a damina ɗaya, a gida ɗaya cikin Ƙofar Marke a Sakkwato. Tsohon ya rasu ana shuka. Kafin gero ya nuna mahaifiyata ta haife ni, ƙanwar mahaifina kuma, da ta dawo gida haihuwa, ta sami nata ɗan. Babu wanda ya yarda ya bar wa ɗan'uwansa sunan, sai aka yanka raguna biyu aka maimaita suna ɗaya. Matan gidan ba sa iya faɗinsa saboda kunya, don haka kowannenmu ya tashi da laƙabinsa. Ni da shi kuwa Takwara muke ce wa juna har ya bar duniya. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, akwai wasan taubasai tsakaninmu. Ina ce masa bawana, shi kuma yana cewa bai taɓa ganin ubangidan da ba ya kwana gida ba.

Gaskiyarsa ce. Ni aka sa boko, daga baya na shiga cinikin jar fatar akuya, ita ta kai ni Yamai da Abijan da Alƙahira da Istanbul. Fillanci na samu wajen kakata, Turanci a makaranta, Faransanci da Larabci a bakin 'yan kasuwa. Shi ya zauna a zauren gidanmu da allura da zare yana aikin wuyan babbar riga, bai taɓa wuce Gusau ba. Abu biyu kawai suka rage mana iri ɗaya a takarda. Na farko suna, domin da aka nemi mu ƙara wani suna a kai kowannenmu sunan gari ya bayar, kamar yadda mutanen zamaninmu suka saba. Na biyu ranar haihuwa. Babu wanda ya rubuta tamu, sai ma'aikata suka ba mu ɗaya ga Janairu, wadda suke ba duk wanda aka haifa da damina ko da rani ba tare da takarda ba. A wani filin jirgi a Turai wani jami'i ya taɓa duba fasfona ya yi murmushi, ya ce mutanen ƙasarku duk rana ɗaya ake haifarku.

Na riski zamanin da tikitin jirgi ɗan littafi ne mai jan kabon, ana rubuta shi da hannu, in ya ɓace tafiya ta ɓace. Sannan na ga zuwan kwamfuta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ko'ina na je allon iri ɗaya ne, baƙi da 'yan haruffa a cunkushe. Mai sayar da tikiti a Alƙahira yana shan shayi, na Abijan yana faɗa da waya, amma abin da yatsunsu ke bugawa harshe ɗaya ne, ba Larabci ba ne ba Faransanci ba. An ce min duka suna magana ne da wata babbar na'ura da ke wata ƙasa, wadda ta san kowace kujera a kowane jirgi. Na yarda da ita shekara da shekaru. Ban taɓa tunanin cewa waɗanda suka ƙera ta ba su san mutanen da ke mayar da sunan mamacinsu ga jarirai biyu ba.

Idon Takwara ya fara tafiya ne daga gefe. Da farko yakan yi karo da ƙyauren zaure ya ce ƙyauren ne ya matso. Da na matsa na kai shi asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma da wuya ya kai ƙarshen damina. A hanyar dawowa na tambaye shi yadda yake gani.

"Kamar mai leƙen duniya ta wuyan gora," in ji shi. Muka ci gaba da tafiya har muka wuce kasuwa. Sai ya ce, "Kai da ka zuwa kullum, Ɗakin Allah girmanai ya kai mi?"

Bai ce a kai shi ba. Bai taɓa roƙona komai ba in ba goro ba. Amma na gane.

Ni dama na riga na kama kujerar Umara ta goman ƙarshe na azumi a wannan shekarar. Mai yi min tikiti 'yar wani abokin cinikina ce marigayi, tana da ɗan ofis a saman wani shago kusa da Ƙofar Taramniya. Tun tana ƙarama na san ta, Baba take ce min. Na kai mata Takwara da sabon fasfonsa, ta nemo masa kujera a jirgin da zan shiga, ta sa lambar wayata a kai tunda shi ba ya iya karanta saƙo. Ta ce tikiti sai biza ta fito za ta yanka, a nan ne ake shigar da lambar fasfo. Kafin nan suna kawai ke riƙe da kujera.

Azumi ya yi nisa biza ta fito, muka hau benen muna haki. Ta gaishe mu, ta juya ga allo, ta buga, ta sake bugawa. Na daɗe ina kallon fuskokin masu wannan aiki a ƙasashe da yawa, na san lokacin da yatsu suka tsaya.

"Baba, kujera ɗaya ta rage."

"Ta wa ta ɓace?"

Ta bayyana mana a hankali. Na'urar kamfanin jirgin takan bi sunaye da kanta, babu hannun mutum. In ta ga suna ɗaya sau biyu a jirgi ɗaya, da lambar waya ɗaya, sai ta ɗauka mutum guda ne ya tare kujeru biyu, ta soke ta baya ta bar ta farko. Wadda aka soke kuma nan take ta faɗa hannun wani da ke layin jira. Ta kira ofishin kamfanin muna zaune. Na karɓi wayar na yi musu bayani da Turanci, cewa mu biyu ne, ga mu nan kowa da hancinsa. Wadda ta amsa ta ba ni haƙuri da ladabi, ta ce jirgin ya cika. Yarinyar ta bi ta Alƙahira, ta bi ta Adis Ababa, ta bi ta Istanbul. Goman ƙarshe ne, babu ko tsaye. Bayan Sallah kuma za a rufe Umara sai an gama Hajji, lokacin damina ta yi nisa.

"To ki sa ni a layin jira," na ce. "Wani zai fasa."

Ta girgiza kai. "In na sake sa sunan nan a jirgin nan, Baba, ban da tabbacin na'urar ba za ta sake ganin mutum ɗaya ba. Wannan karon tana iya cinye wadda ta rage."

Ban taɓa jin sunana ya yi min nauyi kamar ranar ba. Ko layi ba zan iya bi a bayan Takwara ba sai na zama haɗari gare shi.

Takwara ya laluba sandarsa. "To ai magana ta ƙare. Ta hwarko ta rage, kai kaf fara zuwa. Taka ta."

"Ɗiyata," na ce, "kujerar nan ta san fuskata?"

"Ba ta san fuskar kowa ba, Baba. Duk fasfon da ke da sunan nan na shigar, nashi ne."

"Ka ji. Tashi ka ba ta fasfo, bawana."

"Ban zuwa ni ɗai." Ya faɗe shi ba da wasa ba. "Kai ka jin yarensu. In sun yi man magana mi za ni ce? In na ɓace wa ka nemana? Ko masallacin Juma'a yanzu sai da kai."

Muka sauko ba mu gama ba. Kwanakin da suka biyo baya mun yi musun da ba mu taɓa yin irinsa ba, kullum bayan la'asar a zaure, baki bushe. Na ce masa na ga Ka'aba har na daina ƙirgawa, ganina ba zai ƙara min komai ba. Ya ce shi ya sa nake da rowa, komai na gani ni kaɗai. Na samo wani mai sayar da hatsi daga Unguwar Rogo, wanda zai riga shi isa Makka da wani jirgin, ya yi alkawarin tarbarsa a Jidda ya riƙe shi har su gama. Takwara ya ce ya ji, to tsakanin Sakkwato da Jidda fa, aljanu za su ɗauke shi?

Yarinyar ce ta kawo mafita da muka koma. Ta ce akwai wasu 'yan haruffa da ake sa wa a jikin sunan fasinja, in an sa su kowane filin jirgi zai san mai zuwa ba ya gani, za a turo ma'aikaci ya kama hannunsa daga ƙofa zuwa kujera, wani ya karɓe shi a can.

"Haruffan mi suka cewa?" in ji Takwara.

Ta dube ni. Na ce ta faɗa masa.

"Makaho suke nufi, Baba."

Ya ɗaga kai yana neman fuskarta da ɗan ganin da ya rage masa. "A rubuta ni makaho tun ina gani? Ɗiyata, ni da ka zura zare ga allura tun ba a haihi ubanki ba?"

Yarinyar ta mayar da ido kan allo. Can ta ce, kamar mai magana da allon, "Ai kujerar a fayil ɗin Baba mai fata take. Shi ke da fayil a nan tun da daɗewa. In na sa, a nasa zai zauna."

Na ga bakin Takwara ya fara motsi. "Wato shi za a rubuta?"

"Sunansa ne a kai."

"To rubuta. Da ƙarhi ma. Mutumin da yag ga duniya duka bai ga ya kamata ya zamna gida ba, ai shi na makaho." Ya ciro fasfonsa daga aljihun 'yar ciki ya miƙa, ba daidai inda hannunta yake ba. Ta kai hannu ta karɓa. Ya ce kuma a ba shi kujerar taga.

Ranar tafiya na raka shi filin jirgin Sakkwato, suka bar ni na zauna da shi a ɗakin jira saboda lalurarsa. Wani ma'aikaci mai furfura ya fito ya kira sunanmu, muka miƙe tare. Takwara ya dafa kafaɗata ya mayar da ni kujera.

"Zamna. Yau ba kai ba na."

Mutumin ya ba shi gwiwar hannu ya riƙe, suka nufi ƙofa. Bai waiwayo ba, ko da ya waiwayo ba zai same ni a wuyan gorarsa ba.

Tafiyar kuwa a wayata aka yi ta. Ina zaune a zaurensa, kan buzun da yake aiki, saƙo ya shigo da Turanci yana gaishe ni da sunana, yana cewa an canza ƙofar da zan shiga jirgi a Abuja. Wani ya biyo baya yana yi min fatan sauka lafiya. Na sha samun irin waɗannan saƙonni ina tsaye da jaka a hannu, ban taɓa karanta su da kyau ba sai ranar. Ina Ƙofar Marke ina jin kiran sallar unguwarmu, na'urar kuma ta tabbata ina sama. Na yi ta tunanin wa zai gaya masa an canza ƙofa. Sai da mai hatsin nan ya kira ya ce ga Takwara a hannunsa, yana ta mitar an ba shi abinci babu yaji, sannan na iya cin abin buɗa-baki.

Ya dawo bayan Sallah, ya rame, muryarsa ta dishe. Na bari mutane suka gama zuwa sannu da zuwa da karɓar dabino, sai da muka rage mu biyu na tambaye shi abin da ke cina.

"Ka gani?"

"Ban ga Ɗakin duka ba lokaci guda. Guntu-guntu nig gane shi, ina yawo da kai kamar mai duba riga. Baƙi nan, baƙi nan. Sannan wata sahiya mutumin Unguwar Rogo yat tura ni har kusa, nid ɗaga kai, sai ga rubutun zinari ya cika man ido, kamar faɗin faifai." Ya zana da'ira a iska da yatsa. "Ciko sunka yi mai daga ƙasa, shi as sa yat taso. Aikin hannu na, Takwara. Na tsaya ina bin zaren har anka ture ni."

"Ya yi kyau?"

"Ɗinkin ya zamna."

A bakinsa babu yabon da ya wuce wannan.

Daga baya ya fi yawan ba ni labarin hannuwa. Ya ce a kowane filin jirgi wani ya karɓe shi. Na Abuja mai sauri ne, na wurin canjin jirgi hannunsa sanyi kamar randa, na Jidda gajere ne har sai da ya duƙa. "Suna ta yi man magana tun daga ƙohwa har ƙohwa, ban san mi suka cewa ba. Ni dai sai in ce to. Da kana nan da ka hwaɗa man." Yakan koma kan wannan sau da yawa. Yana so ya san ko tambayarsa suke yi, ko addu'a suke masa, ko zaginsa.

Ganin ya ƙare kafin a yanke gero, kamar yadda likita ya ce. Bai yi kuka da shi ba. Da bazara ta zagayo ya kwanta, ciwon bai yi tsawo ba. Da aka yi sanarwar jana'iza a masallaci da cikakken suna, wasu abokan cinikina suka taho daga kasuwa da gudu, suka same ni tsaye a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa. Ɗaya daga cikinsu ya ja da baya kafin ya miƙo hannu.

Sai da shekara ta kusa zagayowa na iya sake niyyar Umara. Yarinyar ta yanka min tikiti daga fayil ɗina kamar kullum, ta hanyar da Takwara ya bi. Ina zaune a ɗakin jira na filin jirgin Sakkwato sai na ji an kira sunan. Ma'aikacin nan ne mai furfura. Ya zo ya tsaya gabana, ya miƙo gwiwar hannu, ya ce, "Alhaji, riƙe nan." Haruffan suna nan a jikin sunana, babu wanda ya tuna ya cire su.

Na buɗe baki zan ce kuskure ne. Sai na ga hannuna ya riga ya kama.

A Abuja wata mata ce ta karɓe ni da Turanci. A wurin canjin jirgi wani dogo da Larabci. A Jidda wani gajeren mutum mai Larabcin 'yan ci-rani, sai da na ɗan duƙa kafin na riƙe shi. Ban san ko shi ne ba, ban tambaya ba. A wannan doguwar hanyar da ke fita daga jirgi na rufe idona, na bar shi ya ja ni, na saurara. Duk na ji abin da suke cewa, kowanne da harshensa, kuma magana ɗaya ce. Sannu-sannu. Akwai gangara. Ɗaga ƙafa. Za mu juya dama. Saura kaɗan, Alhaji, mun kusa. Babu tambaya a ciki, babu zagi. Abin da Takwara ya yi ta son sani ke nan, ga shi na samo masa a harsuna uku, babu wanda zan kai wa.

Da na dawo na hau benen Ƙofar Taramniya na ba ta labari. Ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce a yafe mata, ta juya ga allo. Ta nuna min layin: sunan, ɗaya ga Janairu, lambar wayata, kujerar taga, da 'yan haruffan a ƙarshe. Ni ban taɓa neman kujerar taga ba, ta bakin hanya nake so saboda gwiwa.

"In goge, Baba?"

Na daɗe ina kallon layin. Gidan da aka haife mu an raba shi, zauren ya zama shagon cajin waya, rigunan da ya ɗinka suna jikin mutanen da ba su san sunansa ba. Wurin da ya rage mu biyu muke zaune tare shi ne cikin wannan na'urar da ta ƙi yarda mu biyu ne.

Na ce ta bari.

Yanzu in ma'aikatan filin jirgi sun zo nakan gaya musu ina gani, in akwai mai jira su je wurinsa. Wasu su tafi, wasu su ce an riga an rubuta su a kaina, sai mu taka tare. Tafiye-tafiyen ma sun ragu, gwiwa ta ƙi. Amma har yau in aka kira sunan a ɗakin jira, nakan ɗan dakata kafin in miƙe.